Jan Nama a Bompai

Shekara ashirin da biyu ina kankare nama daga jikin ɗanyen ƙirgi a wani kamfanin fata a Challawa. Fata ta zo a jiƙe, in tura ta cikin inji, ragowar tsoka da kitse su zubo gabana jajur, har su rufe mini takalmin roba. Saboda haka kada wanda ya koya mini yadda ake gasa nama. A gasa shi har jan ya mutu, magana ta ƙare.

Wani dattijo mutumin Damagaram da ke balangu a ƙofar kamfanin, shi ya san kanmu. Ba ya gaggawa. Garwashi kawai yake so, ya naɗe naman a takardar siminti, ya bar shi ya yi ta shan kitsensa har mu tashi ƙarfe biyu. Ko ɗigon ja ba ka gani. Kuma bai taɓa toshe hancinsa don warin jikinmu ba, alhali a Adaidaita Sahu ma matsawa mutane suke idan na shiga.

Da babbar 'yata ta sami aikin jinya, sai ta same ni ranar wata Asabar. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka uwata nake ce mata.

"Baba, yau ni zan ciyar da ku. Ku shirya."

Wanka uku na yi da sabulun wanki, na juye rabin kwalbar turare. Ta kai ni wani gidan abinci a Bompai, mai sanyi kamar cikin firji. Mai kawo abinci ya yi mata Turanci, ta mayar masa ba ko gargada. Wallahi daɗi ya cika ni, har na manta da ciwon bayana.

Aka ajiye mana nama yanka ɗaya ɗaya, sitek suke ce masa. Na sa wuƙa, sai jan ruwa ya gangaro cikin faranti. Innalillahi! Duk wankan nan, ashe Challawa ta riga ni zuwa. Har ƙarar injin na ji a kunnena.

"Haka ake cinsa, Baba, ya fi laushi," in ji ta. Ba ta taɓa nata ba, ni take kallo.

Ba laifinta ba ne. Warin aikina kawai ta sani, ban taɓa gaya wa kowa a gida abin da idona ke gani ba. In na ture farantin nan, kyautarta ta farko gare ni ta lalace, kuma na san halinta, ba za ta ƙara ba. Sai na yanka ƙanana, ina korawa da ruwa kamar mai shan ƙwayar zazzaɓi. Na gaji kafin in kai rabi, amma na cinye.

"Ya yi daɗi?"

"Ya yi, uwata. Allah ya yi miki albarka."

Fuskarta ta washe, ta ce to, duk ƙarshen wata nan za ta riƙa kawo ni. Na ce to.

Sau tara ke nan muna zuwa. Ranar nan na ba dattijon mai balangu labari, ya yi dariya har da tari, ya ce in faɗa mata gaskiya mana. Na ce zan faɗa. Asabar ɗin nan ma za mu, na riga na sayi sabulu.