Na'urar da Malam Salifou Ya Bari a Kunne

Hajiya Shamsiya 'yar Maraɗi ce. Ta tsufa tana dafa wa 'yan makaranta abinci a La Courneuve, wata unguwa a gefen Paris, kuma ba ta taɓa son tsohuwar kwamfutar mijinta ba. Malam Salifou ya tsince ta a kasuwar tsofaffin kaya, launinta kamar haƙorin mai cin goro. Tun da ya yi ritaya kullum yana gabanta, shayi na hucewa, Hajiya na mita.

Wata Asabar da hantsi ya tashi daga gabanta ya ce zai sha ruwa, sai ya faɗi a bakin ƙofa. Ba a kashe na'urar ba ran nan, ba a kuma kashe ta ba har aka gama takaba. Ɗan ɗigon haske na ta ƙyaftawa a kusurwar gilashin. Hajiya takan share ƙura a kewaye, amma ba ta taɓa maɓallan. In ta wuce da buta sai ta ji kamar akwai mutum a ɗakin.

Da aka ce za a rushe benensu, 'yarta Amatullahi, wadda ke aikin kwamfuta a Lyon, ta zo ɗaure kaya. Ta daɗe tana duba gilashin.

"Maman, programme ɗin Baba ne, tsarin lissafin da ya rubuta wa na'urar, bai ajiye shi a faifan disquette ba. In an zare wuta ya tafi ke nan."

"To mi yake yi yanzu?"

"Programme ɗin ya roƙi na'urar ta jira a danna maɓalli, ta kawo mishi labari. Ita kuwa ba ta san gajiya ba. Jira take."

Hajiya ta zauna a kujerarsa. Ashe su biyu ne ke jira a gidan nan, ita da abin da ta yi shekaru tana zagi. Tausayi ya kama ta, da tsoro.

Masu ɗaukar kaya suna ƙasa suna danna odar mota. Ta yi bismilla, ta sa yatsa ta danna. Lambobi suka gangaro, lissafin da bai ƙarasa ba, sannan na'urar ta rubuta cewa a shirye take.

"Shi ke nan?" in ji Hajiya.

"Shi ke nan, Maman."

Ta dubi yatsanta. Duk watannin nan ta ɗauka Malam ake jira, ashe kowane hannu ma ya ishi na'urar. Ta ce wa Amatullahi ta zare wayar, ita ba za ta iya ba.