Ruwan Sukari da Rana Tsaka

Ni ce matar nan da ke cin abinci da rana tsaka cikin watan azumi a ƙauyenmu na gefen garin Suki, kuma har yau ban ji kunya ba.

Ciwon ya fara kama ni ne muna cirar auduga a gonar babana, ina azumi. Cikina ya murɗa kamar ana matse wanki. Kafin a ankara ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, ina ganin mutane a jikin bango, ina zagin uwar da ta haife ni. Aka ce iska ce, aka yi ta turare ni. Haka gwaggona ta yi kafin ta rasu, ita ma cikin azumi, mutane suna cewa ta dace da wata mai alfarma.

A asibitin birnin Madani wata likita ta ajiye fitsarina a taga, rana ta buge shi, ya koma ja kamar karkade, wato zoɓo. Ta ce ciwon gado ne a jini, yana cin jijiya, kuma yunwa na tashinsa. Ta hana ni azumi da shan wasu magunguna. Ƙafafuna sun dawo, amma hannuna na dama ya tafi ke nan, sai reto yake.

Liman ya ce in ciyar, Allah bai matsa wa mara lafiya ba. To, matan unguwa sun fi liman karatu. Da farko a ƙuryar ɗaki nake ci don bakinsu. Da na gaji, na fito da kwanona tsakar gida.

Shekaru suka ja. Wani azumin 'yar yayana, budurwa, ta kwanta da ciwon ciki, tana cewa ba ta jin yatsunta. Tsoro ya kama ni, don na san hanyar. Yayana ya ce ta daure zuwa magariba, kar a ce gidanmu ba a azumi. Na dama sukari a ruwa, ya tare ƙofa.

"Halas, ya isa haka, ke ɗai kin ishe mu abin faɗi," in ji shi.

Na ɗaga mataccen hannun da na hagu, na aza masa a ƙirji.

"Yaya, duba shi da kyau. Irin wanga kaka so mata?"

Ya kauce. Da hagu na miƙa mata kofin, ba wanda ya yi min gyara. Ta shanye, muka nemi motar Madani.

Yanzu mu biyu ke ci a tsakar gida. Ita ke yi min kitso, da hannu biyu.