Sifanar Merle Hostetler

Duk wanda ya san Merle Hostetler a garinsu na jihar Kansas, da abu ɗaya ya san shi: bakanike ne da bai taɓa ɓatar da ko noti ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran ƙananan jiragen sama a filin bayan gari, masu feshin gonakin alkama da masu kai wasiƙu. A bangon rumfarsa akwai allo, kowace sifana da zanen siffarta da jan fenti, kowace kuma ya sassaƙa mata haruffan sunansa, M.H. Ƙa'idar sana'ar ke nan: ba a rufe jikin jirgi sai kowane ƙarfe ya koma gurbinsa, don abin da ka manta a ciki, sai an yi sama zai nemi inda zai maƙale. Ranar da ya ajiye aiki har lambar yabo aka ba shi a kan haka. Ya karɓa yana yaƙe.

Gaskiyar magana, ya taɓa ɓatar da ɗaya. A 1974 ne, ya gama gyaran fiffiken wani jirgin wasiƙu ruwan ɗorawa, ya ɗaga kai ya ga gurbin ƙaramar sifana wayam. Ya share rumfa, ya zazzage aljihu, babu. Matuƙin jirgin, amininsa Dwight, yana tsaye yana duban agogo. Sake buɗe fiffike aikin kwana biyu ne, ga shi sabon ɗauka, ga matarsa Arlene da tsohon ciki. Sai ya ce wa ransa ai a mota ya bar ta, ya sa hannu a littafi. Ba ta cikin mota. Washegari ya sayo wata ya rataye.

Shekara goma sha ɗaya jirgin nan yana tashi, Merle yana kasa kunne har ƙararsa ta ɓace. Da aka sayar da shi wata jiha ma tsoron bai bi shi ba, nan ya zauna, suka tsufa tare.

Yana da shekara saba'in da bakwai Arlene ta gani a jarida cewa gidan ajiye tsofaffin jirage ya samo wani jirgi daga garinsu.

"Tashi mu je, tsoho," in ji ta. "Ko gadin talabijin aka ɗauke ka?"

"Gwiwar nan ce, Arlene."

"Gwiwar da ta kai ka kamun kifi jiya? Ɗauko hularka."

Tafiyar awa biyu suka yi. A cikin zauren ga jiragen yaƙi an zana musu haƙora, ga wasu na katako da zane rataye a rufi, mutane sai ɗaukar hoto suke. Merle ko kallo ba su ishe shi ba. Can ƙurya, bayan igiya, ya hango jirgin nan ruwan ɗorawa. Ya karanta lambar wutsiya sau biyu.

"Ga mutumin!" Arlene ta yi shewa. "Sau nawa Dwight ya ce zai zaga da ni sama, ka kafe kai da fata? Kishi dai, Merle, kishi!"

Wata mata mai baƙin mai a hannun riga ta jiyo ta, ta matso. Ta ce sunanta Noreen, ita da abokan aikinta suka farfaɗo da jirgin. Arlene kuwa ba ta barin dama ta wuce, nan take ta ce ai mijinta ne ya yi ta kula da jirgin nan.

"Ashe! To Baba, zo ka ga abin al'ajabi."

Ta kai su gaban wani akwatin gilashi. A ciki ga ƙaramar sifana duk tsatsa, kusa da ita guntuwar wayar ƙarfe a tsattsage.

"A fiffiken hagu muka tsince ta, kwance a kan wayar da ke karkata jirgin," in ji Noreen. "Dubi yadda ta cinye ta. Sili uku kacal suka rage. Ko wane ne M.H. ɗin nan, ya auna arziki."

Merle ya dubi haruffan sunansa a jikin sifanar. Noreen ba ta san sunansa ba, yana iya yin shiru ya wuce. Amma Arlene ta riga ta sa tabarau ta sunkuya.

"Ni ne," ya ce.

Noreen ta rasa inda za ta sa idonta, ta ce bari ta duba wani abu, ta sulale.

Arlene ta daɗe tana kallon wayar.

"Ka sani ke nan," ta ce a hankali. "Shi ya sa ka hana ni shiga."

Ya gyaɗa kai.

"To Dwight fa, Merle? 'Ya'yansa huɗu a lokacin."

Ta cire tabarau, ta zaro makullin mota daga jaka ta danƙa masa.

"Gidan kula da tsofaffin da Dwight yake ba ya rufe ƙofa sai ƙarfe biyar. Yana can da ransa da hankalinsa, je ka faɗa masa. Ni a mota zan jira ka."