Saƙon Goggo a Kan Dutsen Ƙanƙara

A da, in mutum yana da magana mai nauyi ga wanda ke nesa, matafiyi yake nema. Ya zaunar da shi, ya faɗa masa, ya sa ya maimaita. Yanzu kusan kowace tsohuwa a Ajingi tana da jikan da zai danna mata waya ta ga ɗanta ko da yana bayan teku. Ni na riski zamanin farko, kuma saƙo mafi nauyi da na taɓa ɗauka a kan dutsen ƙanƙara na isar da shi.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Daga Gaya aka kai ta aure wata ruga kusa da Gafasa. Ɗanta na fari sa'ana ne, taubashina, tun muna yara ba ma haɗuwa ba tsokana. Ya tafi Bulgeriya karatun likitan dabbobi, ya gama, ya sami aiki, ya yi aure, ya zauna. Goggo kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kakarsa ce ta raine shi. In ya shigo gida sai ta kau da kai, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon ƙwarya.

Wata shekara aikina na injinan ban-ruwa zai kai ni Turai, na je yi mata sallama. Na tsaya a gabanta ba ta gane ni ba sai da na yi magana. An kai ta asibitin ido a Kano, an ce ba yana ba ce da za a cire, abin zai yi ta ƙaruwa ne.

"Za ka bi ta garin da wancan yake?" in ji ta.

Na ce zan bi.

"Ka ce masa hasken ya fara tafiya. Ka ce ina so in ga fuskarsa."

Ta sa na maimaita. Da na miƙe ta ƙara da cewa, "Kada ka faɗa masa cikin wasan nan naku."

Da na isa Bulgeriya, taubashina ya tare ni a tashar jirgin ƙasa yana dariya. "Bawana ya iso! Wa ya ba ka aron kwat ɗin nan?" Na ce ɗan mace ba ya kiran ɗan namiji bawa, ya tuna matsayinsa. Mun kwana muna haka. Duk sanda na gyara zama na ce akwai magana daga gida, sai ya tashi ya ɗora shayi, ko ya kira 'yarsa ta gaishe ni. Washegari ya ce zai kai ni in ga abin da ba a taɓa gani a Gaya ba.

Ƙaramin gari ne a gindin dutsen da ƙanƙara ta lulluɓe, gidajen katako kaɗan, da rumfar da ake ba da hayar kayan zamiya. Na ga yashin Agadas, na ga teku a Jidda da Ikko, amma ban taɓa ganin wuri ya yi fari haka ba, har ido na ciwo. Shiru kuma ya yi yawa, ƙanƙarar tana shanye sauti. Aka ɗaura mini dogayen alluna biyu a ƙafa, aka ba ni sanduna biyu da baƙin tabarau. Na gwada wa mai rumfar Turanci, na gwada Faransanci, ya girgiza kai. Taubashina ya ce masa wani abu da harshensu, suka yi dariya tare. Na lura har dariyarsa irin tasu ce.

Muna yara mukan zuba ruwa a gangaren kududdufi mu yi ta sulɓi a kan laka har wando ya yage. Na ɗauka abin ɗaya ne. Ban yi taku uku ba na zube.

"Ɗan birni, tashi mana, yara na kallo," in ji shi. "Ka ce musu daga Gaya kake, kada a ɗora mana."

Shi kuwa sai ya sulale ƙasa, yana karkata dama da hagu, ba ko tangaɗi. Da ya tsaya can ƙasa yana jirana, ya ɗora sandarsa a bayan wuya ya rataya hannuwa a kai, yadda makiyaya suke tsayawa a bayan shanu. Na daɗe ina kallonsa.

Ana hawa saman dutsen ne a wata kujera mai cin mutum biyu, tana rataye a jikin waya. In ta tashi ba sauka sai an kai. Muka zauna, ƙafafunmu na reto, bishiyoyi na wucewa a ƙarƙashinmu. Na ga ba shayi a nan, ba kuma inda za shi.

"Goggo ta aiko ni," na ce.

"Goggonka ta ce in aiko da me? Bargo?"

"Ba wasa nake ba. Idonta ya fara tafiya, an ce ba magani. Ta ce tana so ta ga fuskarka."

Ya yi 'yar dariya. "Fuskata? Shekara ashirin ina gabanta, ƙwarya take kallo."

"In ka juya baya tana kallonka. Na sha gani. Ranar da za ka tafi tana bayan dangar kara har motar ta ɓace."

Tabarau ya rufe idonsa, ban san me ke ciki ba. Sai ƙarar wayar a samanmu.

"Haka ta faɗa da bakinta? Fuskarsa?"

"Haka ta faɗa, ta sa na maimaita."

"Yanzu ba dama. Lokacin haihuwar tumaki ya zo, ni kaɗai ne a yankin. Takarduna ma suna ofis. In sanyi ya wuce."

"Idon ba zai jira sanyi ya wuce ba."

"Na ji, malam," in ji shi. Bai taɓa ce mini malam ba.

Da muka kai sama ya sauka, ya tsaya kaɗan, ya tura kansa da sanduna ya gangara. Na bi shi da ido har ya zama ɗigo baƙi cikin farin. Ni ban iya sauka ta nan ba. Mai kula da kujerar ya kwance mini allunan, ya mayar da ni ƙasa ni kaɗai, ina rungume da su.

Da na dawo na faɗa wa Goggo yadda muka yi, ban rage ba. Ta ce, "Ya yi ƙiba?" Na ce kaɗan. "Gemu fa?" Na ce ya tara, har da furfura. Ta gyaɗa kai.

Sanyi ya wuce bai zo ba. Sai bayan damina ta biyu ya iso, ni na ɗauko shi daga Kano. A lokacin ba ta bambanta rana da inuwa. Ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta, ta kau da kai kamar yadda ta saba, ko da yake ba abin da za ta gani. Can ta miƙa hannu, ya matso. Ta shafa goshinsa, ta shafa gemun, ta janye hannunta ta ce a kawo wa baƙo fura.

Ya yi sati biyu ya koma. Goggo ta rasu ba ta ga fuskarsa ba. Har yau muna gaisawa da shi a waya, muna tambayar iyali da lafiyar jiki, cikin ladabi. Amma tun ranar da muka zauna a kujerar nan bai ƙara ce mini bawana ba, ni ma ban ƙara tsokanarsa ba.