Jini a Gefen Zanen Kaka

Ranar Asabar ce, ina wanki a bakin rijiya, na ga ɗigon jini a gefen zanen Kaka, daidai inda take goge baki in ta yi tari. Na tsaya da sabulu a hannu. Wata uku ke nan da zuwanta daga Agyaragu inda take noma, ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci.

Da na nuna mata, ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta ferar doya. "Na ci tuwo jiya? Na ci. Na ɗebo ruwa da kaina? Na ɗebo. To ina ciwon?" A wurinta, mara lafiya shi ne wanda aka kwantar ana juya shi.

Na nufi Kawu, ɗanta, wanda ya yi ritaya daga sakatariya. Shi kuwa tun da na san shi bai taɓa cewa yana da lafiya ba. Ƙato ne, ya fi kowa cin sakwara, amma kullum da safe sai ya naɗa na'urar awon jini a dantse, ya girgiza kai, ya ce saura ƙiris. Ya ɗauko ta, ya naɗa wa Kaka, ya duba lambar sau biyu.

"Mama, ai kin fi ni lafiya! Wannan jinin 'yar shekara ashirin ne."

"Faɗa wa 'yar boko," in ji Kaka.

Kun ga inda kaina ya kulle. Mai gona ta ce ƙalau, mai na'ura ya ce ƙalau, har na fara zargin idona. Bayan sati biyu, ni ma na fara tari.

Na ce wa Kaka ina tsoron zuwa asibiti ni kaɗai. Nan take ta ɗaura ɗankwali, muka hau mashin. Muna kan benci tarin ya turnuƙe ta. Nas ta juyo, ta kalle ta, ta miƙo mana robar gwajin majina biyu maimakon ɗaya.

Nata ya fara fitowa: tarin tibi, wata shida na magani. Nawa aka ce sai Laraba. Kwanakin nan huɗu ban san yadda na yi su ba, numfashina kawai nake saurare. Har yau in tsoho ya ce min lafiya lau, sai in rasa me yake nufi.

Ran Laraba muka koma, wajen sha ɗayan safe nas ta kira ni ciki. "Ke mura ce. Ba ki da shi." Na sa ta maimaita. Da na fito, sai na zube a baranda ina kuka.

Kaka, da ledar magani a cinya, ta taɓo matar da ke gefenta. "Yaran yanzu ba ƙwari. Kin gan ta? Ita na kawo asibiti."