Na Raka Hajara Gummi Ta Amsa wa Malamarta

Abu uku na ɗora a kan sikeli kafin in yarda da wannan tafiya. Na farko ciniki: ina da wake a sito, wani mai saye daga kudu ya ce zai zo ya gani, kuma na san in bai same ni ba ba zai jira ba, dillalai ba su ƙare a Anka ba. Na biyu hanya, wadda duk mazaunin yammacin Zamfara ya san ba a hawanta don shan iska. Na uku Hajara, 'yar yayata Kulu, da aikin da ta shafe damina guda tana yi a kwamfuta, wanda yake gab da tashi a banza. Na ukun ya rinjayi biyun. A lokacin ban fahimci aikin ba. Yaya Kulu ce ta kira ni, kuma ita ta goye ni ina jariri.

Ga yadda abin yake. Hajara ma'aikaciyar lafiya ce a Bukkuyum. Akwai wata manhaja ta waya da ƙananan asibitoci ke amfani da ita wajen tuna wa iyaye ranar da za su dawo da yara a duba su. Manhajar buɗaɗɗiya ce: ba a sayar da ita, kowa yana iya ganin yadda aka rubuta ta, ya gyara ko ya ƙara. Masu kula da ita suna da wani shiri na haɗa sabon hannu da gwani, ya koya yana aiki. Hajara ta samu gurbi, aka haɗa ta da wata Malama Rabi. Abin da ta ɗauko shi ne, matan ƙauyukanmu ba sa lissafi da kwanan watan Bature, da ranar kasuwa suke yi. Sai ta rubuta ƙarin da zai sa saƙo ya ce wa uwa ta kawo yaro kasuwa ta biyu daga yau. Ta tura. Malamar ta dawo mata da gyare-gyare. Daga nan Hajara ta yi shiru, har aka aiko mata cewa za a cire sunanta daga shirin. Masu shirin za su yi taro a Gummi, Malamar za ta zo. Mijin Hajara yana Sakkwato wajen jinyar mahaifinsa, sai rakiyar ta faɗo kaina.

Anka

Na fito bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Da can a irin wannan lokaci mun yi nisa. Yanzu motoci sukan cika su tsaya a tasha sai rana ta fito, a ga motar farko ta shigo daga can, a tambayi direbanta. Na sha koko da ƙosai a tsaye. Mamman, direban da ya saba ɗaukar mini kaya, ya dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, yau ba buhu? Ko kasuwa ta kore ka?"

"Kayan yau mutum ne, yana Bukkuyum."

"To Allah shi sa mai nauyi ne, mu caje ka kuɗin lodi."

Aka yi dariya, amma da muka bar gari kowa ya kama bakinsa. Mun wuce shingen sojoji, mun wuce na 'yan sa-kai, kowanne sai an leƙa fuskokinmu. Dawa ta yi kai a gefen titi, amma da ka ɗaga ido can ciki sai ka ga gonakin da ba a taɓa ba bana, ciyawa ta cinye su. Wata tsohuwa a bayana ta ja carbi tun daga Anka har mahaɗar da na sauka. Daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni Bukkuyum, hantsi ya ɗaga.

Bukkuyum

Yaya Kulu ta tare ni da fura da nonon da maƙwabciyarta Bafulatana ta kawo. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Ɗiyarka ta bar cin abinci. Ta dawo daga aiki, ta shige ɗaki da wagga na'ura, ta hito ido jajur. Na ce ta bari, ta ce ba ta iyawa. Kai ka san mi ya sa."

Na sani. Kafin su dawo Bukkuyum suna zaune a wani ƙauye kusa da Tungar Guru. A shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje, Yaya Kulu ta binne ƙannen Hajara biyu. Waɗanda suka rayu a ƙauyen an ce a riƙa kai su ana duba jininsu, kuma Hajara ta tashi tana ganin iyaye suna kuskure ranar, don takardar da aka ba su ba ta magana da harshen lissafinsu.

Tunda taron sai gobe ne, na kwana nan. Bayan la'asar muka zauna a zauren marigayi mahaifinta, malamin allo ne, allunansa har yanzu suna jingine a bango. Ta buɗe kwamfutar ta nuna mini. Rubutunta yana gefe, maganganun Malamar suna bin sa layi layi, kamar an bi buhu ana sa masa alli.

"Kuma Kawu, ba ni kaɗai ke gani ba. Duk duniya, wanda ya so ya buɗe ya karanta."

"Kin ba ta amsa?"

Ta dube ni kamar na ce ta zagi wani. "In amsa mata? Baba in ya gyara ma ɗalibi allo, ɗalibi shiru yake yi. Shi tai shi wanke, shi sake, kada shi dawo sai ya yi daidai. Na gyara duka, saura guda. Ita ce ta gagare ni. Ba ni komawa gabanta da kuskure."

Gyaran da ya rage tambaya ce. Malamar ta rubuta: in aka hana kasuwar ci fa, me saƙon zai ce? Hajara ta ɗauka jarrabawa ce, akwai amsa a wani littafi da ya kamata a ce ta sani. Ta yi makonni tana nema ita kaɗai.

Na ce mata ni ban san kwamfuta ba, amma na san masu saye. Wanda ya tsaya kan wakena ya ce madalla, wake ya yi kyau, wannan wucewa zai yi. Wanda ya zura hannu har gindin buhu, ya fito da mai ƙwaro, ya ce akwai tsakuwa, ya ce bai bushe ba, wannan da kuɗinsa ya zo. Ba wanda ke ɓata yininsa yana kushe kayan da ba ya so.

"Wannan kasuwa ce, Kawu. Nan karatu ne."

"Gobe mu gani."

Gummi

Mun tashi da motar farko. Hajara ta rungume jakar kwamfutar a ƙirji cikin hijabi. A wani shinge soja ya ce ta buɗe, ya tambayi me take yi da ita. Ta ce aikin asibiti. Ya ce ta yi masa addu'a, ɗansa ba shi da lafiya. Muka isa Gummi kafin azahar, na ajiye jakata gidan Alhaji Bawa mai shinkafa, abokin cinikina, muka wuce wurin taron.

Ɗakin taro ne na wata makaranta. Na zaci zan ga manyan baƙi da kujeru masu laushi. Tebura na gani an jera, wayoyin wuta sun bi ƙasa ko'ina, janareta yana ruri a waje. Samari da 'yan mata da magidanta, daga Gusau, daga Sakkwato, daga Birnin Kebbi, wasu kuma fuskarsu kawai ake gani a bango suna magana daga nesa, sabis yana yankewa yana dawowa. Mutum zai tashi ya nuna abin da ya yi, har da inda ya kasa, a tafa masa. Wani Bafulatani ya nuna manhajar tuna allurar shanu, ya ce rabinta ba ta aiki, yana neman mai taya shi. Ban taɓa ganin mai kaya yana tallar aibin kayansa ba sai ranar.

Da aka tashi sallah da cin abinci, tuwon shinkafa da miyar kifi, aka nuna mini Malama Rabi. 'Yar Gummi ce, tana aiki a Kaduna, ba ta fi Hajara da shekaru masu yawa ba. Hajara ta ƙi matsawa. Sai na yi abin da na iya, na haɗa mai kaya da mai saye.

"Malama, ni ne kawun Hajara ta Bukkuyum. Ga ta nan."

Ta ajiye cokali. "Hajara mai ranar kasuwa? Baiwar Allah, ina kika shiga? Na yi ta aiko miki. Na ce ko wani abu ya same ki a hanya, ko kin ga aikin ya yi miki yawa kin bari."

Hajara ta durƙusa, kanta a ƙasa. Ni na faɗi maganar allo, kamar yadda ta faɗa mini. Malamar ta juyo wajen Hajara.

"Ni ma makarantar allo na yi," in ji ta. "Ya kamata in gane. Tashi ki zauna nan kusa da ni. Hajara, a wannan aiki ba na ganin fuskarki. Ba na ganin kin durƙusa. Abin da nake gani kawai rubutu, in babu rubutu, a wurinmu mutum ya tafi. Ko 'ban gane ba' kika rubuta, amsa ce."

"Tambayar ce ban san amsarta ba, Malama," in ji Hajara, da ƙyar ake jin ta.

"Ni ma ban sani ba. Shi ya sa na tambaye ki."

Na ga kafaɗun yarinyar sun sauka. Sai na tambayi abin da ya kawo ni: gurbinta fa? Malamar ba ta yi mini kwana-kwana ba, kuma na ji daɗin haka. Ta ce an riga an ba wani da ke jira, ba ita kaɗai ke yankewa ba, kuma ba za a ƙwace daga hannunsa ba. Na gwada ta ta nan, na gwada ta can, kamar yadda nake yi in farashi ya tsaya. Ba ta motsa ba. Ta ce gurbi ya tafi, amma aikin yana nan inda Hajara ta bar shi, ba mai iya rufe shi, kuma ba sai da gurbi ake karɓar aiki ba.

Bayan azahar aka koma zaman aiki, kowa da abokinsa. Malamar ta ce Hajara ta tashi ta faɗa wa ɗakin inda ta maƙale. Na zaci ba za ta iya ba. Ta tashi tana riƙe da bakin tebur, ta faɗa. Wani ya ce a koma kwanan wata, wata ta ce ai shi ake gudu. Aka yi ta ja. Can Hajara ta ce, a hankali, lokacin da kasuwanni suka daina ci a wajensu, Innarta, wato Yaya Kulu, da Juma'a take ƙirga komai. Ko mene ne ya faru, Juma'a tana zuwa. Malamar ta ce to a ba ma'aikacin lafiya damar juya lissafin zuwa Juma'a duk ranar da kasuwa ta tsaya. Suka duƙufa su biyu. Ni na fita inuwa, na kira Anka, aka ce mini mai sayen wake ya zo ya tafi.

Kafin la'asar na ji tafi. Na leƙa, sai ga sunan Hajara a bango, an haɗa aikinta da uwar manhajar. Ba ta yi murmushi ba. Ta sa gefen hijabi ta rufe fuska, Malamar ta dafa ta. Kafin a watse Malamar ta gaya wa taron cewa daga yanzu duk wanda aka ba ta, maganar farko da za ta yi masa ita ce shiru ba ladabi ba ne a nan, kuma ta roƙi Hajara ta riƙa faɗa wa sababbin da ke zuwa daga ƙauyuka, don daga bakinta za su fi yarda.

Na kwana gidan Alhaji Bawa, Hajara wajen iyalinsa. Da na ba shi labari ya ce, "Wato kai da ba ka ɗaga buhu kyauta, ka zo Gummi ka yi dillanci ba la'ada?" Na ce haka Allah ya so.

Komawa

Da safe muka juyo. A hanya wayarta ta yi ƙara, wani daga cikin masu manhajar ya sami ƙaramin kuskure a aikin jiya, ya rubuta a fili inda kowa ke gani. Na dube ta. Ta karanta, ta ja numfashi, ta fara rubuta amsa tun kafin sabis ya ɗauke.

Na miƙa ta hannun Yaya Kulu, na ce ta zuba mata abinci da yawa. Yaya ta tambaya ko an ci nasara. Hajara ta ce, "Inna, Juma'arki ta shiga." Ta zauna tana yi mata bayani, ni na kama hanya don kada yamma ta same ni. Na shiga Anka lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Alhaji Bawa da iyalinsa, da Malama Rabi, da direbobin da ke bin wannan hanya kullum.

Ga lissafina. Cinikin wake ya wuce ni, wani ya yi. Gurbin Hajara ya tafi, kuma da ta yi magana tun farko da bai tafi ba. Wannan asara ce, ba zan kira ta da wani suna ba. Abin da ya shigo shi ne, wata uwa a wani ƙauye za ta ji saƙo da lissafin da ta sani, ta kai ɗanta a duba shi ranar da ya kamata. Waken yana nan a sito, zai sami mai saye. 'Ya'yan Yaya Kulu biyu da ta binne ba su kai ga a tuna musu rana ba.