Sharar da Ta Cika Wayar Malam Isa Direba

Cikin duk ranakun da na yi a kan teburin gyaran waya, akwai wata Talata ta tsakiyar damina da har yau ba ta bar raina ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku nake so ku ji ta.

Lokacin ina shagon Oga Chidi a Terminus. Ga wanda bai san tsarin shago irin namu ba, aikin kashi biyu ne. Akwai masu buɗe waya su canza gilashi ko wurin caji, akwai kuma mu da ke zaune gaban kwamfuta muna gyaran abin da ido ba ya gani. Kowa injiniya ake ce masa, har wanda ya fara riƙe sukundireba jiya, amma maganar ƙarshe ta oga ce. Oga Chidi Ibo ne haifaffen Jos, mutum mai faɗa kamar ya ari baki, sai dai yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: ba a yi wa waya filashin sai an ga abin da ke damunta. Filashin shi ne a goge komai a mayar da waya kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Aiki ne mai sauƙi, shi ya sa malalata ke son sa.

Wajen hantsi wani dattijo ya shigo, Malam Garba, mahauci daga unguwar Abattoir, tare da wata mata cikin dogon hijabi. Ya ce matar yayansa ce, Hajiya Rabi, ba ta daɗe da fita takaba ba. Marigayin, Malam Isa, direba ne da ke jigila a Titin Bauchi, ciwo ya kwantar da shi 'yan kwanaki, Allah Ya karɓi abinsa. Wayarsa ce ta dawo hannunta, ga shi yanzu ta ƙi aiki. Kullum cewa take ta cika.

"Shago biyu muka je," in ji Malam Garba, "duk cewa suke a yi filashin. Ni na ce a yi kawai a huta, ita ta ƙi."

Sai a nan ta yi magana, a hankali, ba ta ɗago kai ba. "Injiniya, na goge hotunana, na goge na yara, na goge wa'azin da ake turo min, duk don ta samu wuri. Abu ɗaya na bari. Akwai saƙon murya da Malam ya turo wa Fati, 'yarmu ta fari. Wayar Fati ta faɗa ruwa, a nan kaɗai ya rage. Shi ne muryarsa da muke da ita a duniya. Ka yi duk yadda za ka yi, amma kada ka taɓa min shi."

Na karɓa da hannu biyu. Na shiga inda waya ke nuna abin da ya ci mata wuri. Hotuna ba komai, waƙoƙi ba komai, amma layin da take kira fayilolin sistem ya cinye fiye da rabin cikinta. A ƙa'ida, waɗannan su ne kayan da waya ke ajiye wa kanta don ta yi aiki, kuma ba su kamata su kai haka ba. Matsalar ita ce duk abin da waya ta kasa gane ko mene ne, a wannan layin take jibge shi.

Na bi matakan da kuka sani. Na share tarkacen wucin gadi da manhajoji ke tarawa, na duba kwandon shara na tabbatar ba abin kirki kafin na zubar, na cire ragowar sabuntawar da ta tsaya a rabin hanya. Ɗan wurin da ya samu ya isa manhajar hira ta buɗe. Na nemo sunan Fati, ga saƙon nan. Na danna, shiru. Na sake dannawa, sai waya ta ce fayil ɗin ba ya nan.

Na bincika, sai na ga wata manhajar share waya, irin waɗanda ke da hoton tsintsiya. Na tambaya, Hajiya ta ce wani maƙwabci ne ya saka mata don ya taimaka. Na tsani waɗannan manhajoji, kuma har gobe ina tsanar su. Ba su san abu mai daraja ba, duk abin da ya tsufa shara ne a wurinsu. Ita ta haɗiye saƙon tun kafin su iso wurinmu.

Dole na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta zauna a kan benci ta zuba wa ƙofa ido. Malam Garba ya sauke numfashi ya ce tunda abin da ake tsarewa ya tafi, a yi filashin ɗin su koma.

Oga Chidi na jin mu daga teburinsa. Ya taso yana goge hannu. "Wanne filashin? Habu, ka gani abin da ya chop wannan memori?"

Na ce ban gani ba tukuna.

"To no touch am. Ɗauka kwamfuta na, zauna. Kwastoma duka ya jira. Mama, yi haƙuri, zauna kaɗan."

Ga mutane sun cika shago, ga an ɗauke wuta, janareta na shan mai, amma ya ɗora sauran aikina a kan kansa. Ban taɓa gode wa faɗansa kamar ranar ba.

Na haɗa wayar da kwamfuta, na sa ta nuna har abubuwan da ke ɓoye. Can ƙasa na ga wata folda da waya ba ta nunawa, cike maƙil da ƙananan fayiloli, na ja na ja ban ga ƙarshensu ba. Kowanne sunansa lambar waya ce da kwanan wata. Na juya kwamfutar na nuna wa Malam Garba, na ce ko ya san waɗannan lambobin.

Ya matso ya ƙura ido. "Wannan ta shugaban tasharsu ce. Wannan kuma tawa ce." Sai ya dafe kai. "Kai! Saƙo ne! Ai direbobinsu haka suke yi. Mutum zai kira ka kana tuƙi, ya ce ga buhun dankali, a sauke wa wane a wuri kaza, gobe ya ce ba haka ya faɗa ba. Direba yana kan sitiyari, ina zai rubuta? Shi ne Yaya ya sa aka saka masa abin da ke ɗaukar magana in an kira. In gardama ta tashi, sai ya kunna."

Da ba don shi ba, da na daɗe ina lalube. Manhajar tana nan a cikin tarin wasu, Hajiya ba ta san da ita ba. Ita manhajar ba ta bambance kiran tasha da na gida, kowa ɗauka take. Bayan rasuwar ma ba ta tsaya ba, duk masu kiran ta'aziyya ta kwashe su, su ne suka ƙarasa cika wayar.

Sirrin mutane ne, don haka ban kunna ko ɗaya ba. Na nemi lambar Hajiya na ware nata da na Fati a katin memori ɗaya, sauran na zuba a wani katin na danƙa wa Malam Garba. Sai da na tabbatar komai ya kwafu sannan na share su daga wayar, nan take ta dawo garau. Na saka katinta a wayar, na miƙa wa Hajiya iyafis ta sa a kunne, na ce ta zaɓi ɗaya ta danna da kanta.

Ta saurara. Sai ta cire iyafis ɗin ta ce, "Garba, zo ka ji Yayanka." Ta sa a sifika. Ga ƙarar mota, ga ruwa na dukan gilashi, ga murya mai kauri: "Rabi, muna Toro, ruwa ya tsare mu. Ku ci abincinku, kada ki jira ni."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Kullum haka yake cewa. Kullum kuma sai na jira shi."

Malam Garba, mutumin da ke kayar da bijimi, ya juya wa shago baya yana share fuska da hularsa. Ni kaina sai da na sunkuyar da kai. Addu'ar da matar nan ta yi mana, ni da Oga Chidi da iyayenmu, ban taɓa samun irinta a wurin aiki ba, har Oga yana ta amsawa da "Amin, Mama, amin."

Abin da na koya shi ne, waya ba ta cika haka kawai, rayuwar mai ita ce ke cika ta. Kafin ku taɓa komai, ku tambayi sana'ar mai wayar, ku kuma saurari waɗanda suka san shi. Kwamfuta ta nuna min foldar, amma mahauci ne ya gaya min ko mece ce. Ina gode wa Allah da Ya haɗa ni da mutanen nan a rana ɗaya.

Da za su tafi, na ce mata bari in kashe manhajar, in ba haka ba wayar za ta sake cika. Ta riƙe wayar a ƙirji ta girgiza kai.

"A'a, Injiniya. Ka juya ta kan katin, amma bar ta a kunne. Wata rana muryata su Fati za su nema."